Awon Zafin Na'ura a Gonakin Kura da Bunkure: Gurbin da Ke Jiran Manazarta Hausa

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani a Kura da Bunkure da Garun Malam ya dogara ne a kan gangaren ƙasa. Ruwa kan taso daga Tiga ya biyo babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙanana har ya isa gona, ba tare da an tayar da inji ba. An tsara kashin farko na shirin ya shayar da kimanin hekta 22,000, daga baya kuma ya koma ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Sai dai ba kowace gona ruwan ke isa ba. Wanda gonarsa take a wutsiyar magudana, ko a tudun da ke bayan iyakar shirin, tilas ya haƙa rijiya ya sa injin ban-ruwa, kuma shekara da shekaru injin nan fetur yake sha. Da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, bai kuma tsaya nan ba. Daga nan ne manoma da dama suka fara karkata ga famfo mai aiki da hasken rana, wanda kowa ke kira sola.

Injin fetur yana da baki. In ya gaji za a ji muryarsa ta sauya, in mai ya yi masa yawa zai yi hayaƙi, kuma makanikan Hausa sun daɗe da tanadar wa kowace irin ƙara da kowane irin hayaƙi suna. Sola kuwa shiru take aiki, shiru kuma take mutuwa. Tsakanin faifan da ke karɓar hasken rana da famfon da ke jan ruwa akwai wani akwati mai sarrafa wuta, wanda masu gyara kan kira inbata, cike da ƙananan sassan lantarki. Babban abin da ke cin ran waɗannan sassa shi ne zafi, kuma zafi ne da ido ba ya gani, kunne ba ya ji. Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, kayan awon wannan zafi sun riga sun shigo kasuwanninmu, amma Hausar da za a yi bayanin yadda ake awon da ita ba ta daidaitu ba, kuma daidaita ta aikinmu ne mu manazarta harshe, ko da kuwa batun ya yi kama da na injiniyoyi.

Kafin a shiga maganar harshe, ya kamata a ga girman matsalar a cikin alƙaluma. Ƙarfin da ake rubutawa a bayan faifan sola an auna shi ne lokacin da ƙwayoyin faifan suke kan digiri 25 a ma'aunin Salshiyas. Duk digiri ɗaya da aka ƙara a kan haka, faifan silikon kan yi asarar kimanin kashi 0.3 zuwa 0.5 cikin ɗari na ƙarfinsa. A watan Afrilu, iskar Kano da tsakar rana takan kai digiri 40, faifan da ke shanye cikin rana kuwa yakan ɗara iskar da ke kewaye da shi da digiri 20 zuwa 30. In muka ɗauka ya kai 65, ya haura abin da aka gwada shi a kai da digiri 40 ke nan, wato asarar kimanin kashi 16 cikin ɗari, daidai lokacin da shinkafar rani ta fi bukatar ruwa. Manomin da ya ga ruwa ya ragu da azahar zai iya zargin mai sayarwa da ha'inci, alhali faifan yana yin abin da ɗabi'arsa ta hukunta ne kawai.

Asarar faifai takan dawo da zarar rana ta yi sanyi. Ta cikin akwati ba ta dawowa. Akwai wasu sassa masu kama da ƙaramin gwangwani da ake kira kafasita, waɗanda ke ɗauke da ruwan sinadari a cikinsu, zafi kuma yana busar da shi a hankali. Injiniyoyi suna da wata ƙa'ida da suka gina a kan binciken masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, na 1889, cewa ƙarin digiri 10 kan raba tsawon ran irin wannan kafasita gida biyu. Wadda aka rubuta wa awa 2,000 a digiri 105 za ta yi kimanin awa 8,000 in tana aiki a 85, ta kuma yi 32,000 in an riƙe ta a 65. Bambancin digiri 20 ya ninka ranta sau huɗu ke nan. Me ke haifar da irin wannan bambanci a gona? Ƙurar hunturu da ta toshe haƙoran ƙarfen da ke shanye zafi, ko fankar da ta tsaya ba a sani ba, ko buhun da aka lulluɓa wa akwatin don kare shi daga rana, ko akwatin ƙarfen da aka kulle shi a ciki saboda ɓarayi. Kowanne daga cikinsu dabara ce mai dalili, kuma babu wanda zai san illarta sai ya auna. Ranar da akwatin ya ƙone, kuɗin gyara ba shi ne babbar asara ba: tumatir ko albasar da ta yi kwanaki ba ruwa a cikin bazara ba ta jiran mai gyara ya dawo daga Kano.

To, da wane harshe za a yi wannan awo? Kalmar zafi tana cikin kalmomin da Hausa ta ɗora wa kaya mafi nauyi. Akwai zafin rana da zafin wuta, akwai zafin ciwo da zafin barkono, akwai zafin nama da zafin rai da zafin kai, har kaya in sun yi tsada a ce sun yi zafi. Wannan yalwa ado ce a adabi, kuma mahallin magana kan raba ma'anonin ba tare da wahala ba. Inda mahalli ya kasa shi ne tsakanin abubuwa biyu da kimiyya ta raba tun ƙarni na 18, a ayyukan Joseph Black: yawan zafin da abu ke ɗauke da shi, da kuma matakin da zafin ya kai. Tartsatsin da ke tashi daga maƙera matakinsa ya fi na tafasasshen ruwa nesa ba kusa ba, amma yakan faɗa a fata ya mutu ba tare da ya yi wani lahani ba, domin abin da yake ɗauke da shi ƙalilan ne. Duron ruwan ɗumi kuwa matakinsa ƙasa yake, amma zafin da ke cikinsa ya ninka na tartsatsin sau ba adadi. A cikin akwatin sola wannan bambanci shi ne gaba ɗaya batun. Ƙwayar da ba ta wuce farce ba tana iya fitar da zafi kaɗan, amma saboda ƙanƙantarta da rashin hanyar fita, matakinta ya hau har ta lalace, alhali jikin akwatin yana ɗumi-ɗumi.

Wanda ya saurari rahotannin yanayi a gidajen rediyonmu zai lura cewa jimlar ma'aunin zafi tana yin aiki uku. Wani lokaci tana nufin na'urar da ake awo da ita, wani lokaci tsarin ƙidayar, kamar na Salshiyas ko na Faranhait, wani lokaci kuma a ji an ce ma'aunin zafi ya ƙaru, ana nufin zafin kansa. A labarin yanayi wannan ba ya cutar da kowa. A takardar koyar da gyara kuwa, jimla kamar ma'aunin zafi ya yi yawa ba ta da ma'ana tsayayya. Ina ganin ya dace a bar ma'aunin zafi ga na'ura kaɗai, tunda sigar ma- a nan ta abin aiki ce, a ce yawan zafi ga abin da jiki ke ɗauke da shi ko yake fitarwa, a kuma ce matakin zafi ga abin da digiri ke nunawa. Masu ganin ba daidai ba ne a kira sanyin ƙanƙara matakin zafi, su duba Larabci, inda darajatul harara ke ɗaukar zafi da sanyi duka. Masu Suwahili sun gwada haɗa kalmomin zafi da sanyi suka ƙirƙiro jotoridi, ga kuma halijoto tana nan a bakin mutane. Ba lallai ne mu bi kowannensu ba, amma ya kamata mu tsayar da ɗaya.

Wannan shi ne ɓangare mai sauƙi. Mai wuya shi ne hanyoyin awon su kansu, kuma ta farko a cikinsu ita ce hannu. Bai kamata a raina ta ba. Bahaushe yana da tsani na kalmomi da yake hawa da shi: sanyi ƙalau, sanyi-sanyi, ɗumi-ɗumi, ɗumi, zafi-zafi, zafi, zafi zau, ƙuna. Matan Kura da ke turara shinkafa suna sarrafa wuta da tururi da gogewar da ba ta bukatar digiri. Maƙeri kuma yana karanta zafin ƙarfe daga launinsa, ya san lokacin da zai cire shi daga wuta ya ɗora a uwar maƙera. Abin da yake yi shi ne auna zafi daga hasken da abu ke fitarwa, wato ainihin ƙa'idar da na'urorin zamani masu awo daga nesa ke aiki da ita. Sai dai ƙarfe ba ya fara ja a ido sai ya haura digiri 500, sassan lantarki kuwa akasarinsu iyakarsu tsakanin 125 ne da 175. Kafin idon maƙeri ya ga wani abu, an daɗe da binne tiransista.

Hannu ma iyakarsa kusa take. Fatar mutum kan fara jin ciwo a wajen digiri 45, kuma ƙarfen da ya kai 60 ba a iya riƙe shi fiye da 'yan daƙiƙoƙi. Daga nan zuwa sama, komai zafi zau ne, ko 65 ne ko 95, alhali mun ga cewa a tsakanin waɗannan biyu ne ake raba na'urar da za ta daɗe da wadda ajalinta ya kusa. Bugu da ƙari, hannu yana jin saurin shigar zafi ne cikin fata, shi ya sa ƙarfe da katako da suka wuni a rana ɗaya ba sa jin daidai. Ga kuma haɗari: a manyan akwatunan famfo wutar da ke shigowa daga faifai takan kai ɗaruruwan bolt, kafasita kuma tana riƙe wuta bayan an kashe na'ura. Tsanin kalmominmu, duk kyansa, ya ƙare ne a daidai inda ake bukatarsa.

Hanya ta biyu tana zuwa ne tare da mitar da masu gyara suka saba auna wuta da ita, domin da yawa daga cikin mitocin suna da wata siririyar waya mai ɗan dunƙule a kai. Wayoyi biyu ne na ƙarafa daban-daban aka haɗa bakinsu. Tun 1821 Thomas Seebeck ya gano cewa irin wannan haɗi kan haifar da 'yar wuta in gefe ɗaya ya fi ɗaya zafi. A nau'in da ya fi yaɗuwa, wanda ake yi wa alama da harafin K, wutar ba ta wuce kimanin kashi 41 cikin miliyan na bolt ɗaya ba a kowane digiri. Mita ce ke juya wannan zuwa lamba. Ana iya aro sunanta a ce tamokoful, amma ni na fi son tagwayen waya, domin sunan yana gaya wa mai koyo cewa in haɗin bakin ya rabu, awo ya ƙare. Abin da ya fi suna muhimmanci shi ne fi'ilin da za a haɗa shi da shi. Dunƙulen yana faɗin matakin zafin kansa ne kawai. In an taɓa shi sama-sama a jikin ƙarfe, rabinsa yana cikin iska, zai ba da lamba tsakanin ta ƙarfe da ta iska. Dole a manna shi, a danne, a jira lamba ta tsaya. Taɓa, ɗora, manna, liƙa, danna: Hausa ta raba waɗannan sarai, kuma zaɓen wanda ya dace a cikinsu zai iya sauya sakamakon awo da digiri masu yawa. Wannan aikin mai nazarin ma'ana ne tsantsa.

Akwai kuma ma'aunin da yake zaune a cikin akwatin tun daga masana'anta, wata 'yar ƙwaya da turjiyarta ga wucewar wuta ke raguwa in zafi ya ƙaru, wadda ake kira tamista. Ita ce ke sa inbata ta rage aiki ko ta tsaya da kanta, ta nuna wasu haruffan Turanci irin su OH a fuskarta. Manomin da bai san ma'anar haruffan ba zai kashe ya kunna, ya sake kashewa ya kunna, har ya ci ƙarfin kariyar da aka yi masa. Jimla ɗaya ta Hausa a jikin murfin akwatin za ta wadatar. Na filatinam, mai turjiyar om 100 a digiri sifiri, ya fi waɗannan daidaito, amma gidansa ɗakin gwaji ne da manyan masana'antu, ba sai mun tsaya a kansa ba.

Inda nake son a daɗe shi ne a kan hanyar da ta fi kowace farin jini, ta kuma fi kowace yaudara. Annobar korona ta 2020 ta gabatar wa kowa da na'urar nan mai kama da ƙaramar bindiga da ake nuna wa goshi a ƙofar banki da asibiti. Ta goshi an keɓe ta ne ga ɗan taƙaitaccen zangon zafin jikin mutum, saboda haka ba ta da amfani a kan inbata, amma 'yar'uwarta ta masu sana'a tana nan a kasuwa. Tana karɓar wani haske ne da ido ba ya gani, wanda William Herschel ya gano a 1800, kuma kowane abu yana fitar da shi gwargwadon zafinsa. Amfaninta a fili yake: ba a taɓa waya mai wuta, ana kuma samun lamba nan take. Illolinta uku ne, dukkansu kuma suna ɓuya a bayan kyakkyawar lambar da take nunawa. Jan ɗigon da take haskawa na saiti ne kawai, ba shi ke awo ba. Abin da take aunawa da'ira ce mai faɗaɗa gwargwadon nisa. A samfurin da aka rubuta wa 12:1, in an tsaya nisan santimita 60, da'irar ta kai faɗin santimita 5, ta haɗiye ƙaramar ƙwayar da ake nufi tare da duk abin da ke gefenta, ta ba da matsakaici. Sannan ba ta gani ta cikin gilashi ko murfin roba. Murfin take aunawa.

Ta ukun nan ba ita ce mafi muni ba ma. Abubuwa ba su daidaita ba wajen fitar da wannan haske. Baƙin fenti da roba da fata suna fitar da kusan duk abin da ya kamata, shi ya sa akan saita na'urorin a kan 0.95. Alminiyam mai sheƙi kuwa ba ya fitar da ko kashi ɗaya cikin goma, sai dai ya zama madubi ya mayar da hasken abin da ke kewaye da shi. Ƙarfen nan mai haƙora kamar mataji, wanda ake ɗaure tiransista a jikinsa don ya shanye zafi, da alminiyam ake yin sa, kuma sau da yawa ba a yi masa baƙin rufi. Mai gyara zai nuna masa na'ura, ta ba shi lamba mai kwantar da hankali, ya rufe akwati ya ce lafiya lau, alhali ƙarfen zai iya ƙona yatsa. Maganin bai kai kuɗin goro ba: a liƙa ɗan baƙin tef na masu haɗa waya a jikin ƙarfen, a jira ya ɗauki zafinsa, a auna a kan tef ɗin. Abin lura a nan shi ne, wanda ya dogara da hannunsa ba zai faɗa wannan rami ba. Na'ura ba tare da bayani ba ta mayar da mai gyara baya da inda yake, ta kuma ba shi ƙarfin gwiwar da bai kamata ba. Kyamarar zafi, wadda ke zana taswirar launi, tana da kyau ƙwarai wajen gano ƙwayar faifan da kashin tsuntsu ko inuwar ganye ta sa ta ɗauki zafi fiye da 'yan'uwanta, amma ita ma sheƙi yana ruɗa ta haka nan.

Duk waɗannan hanyoyi suna auna waje ne. Iyakar da masana'anta ke rubutawa ta cikin ƙwayar silikon ce, can inda ba waya ko haske da ke isa. Ana ƙiyasta ta ne ta lissafi: in jikin tiransista ya nuna 80, tana kuma zubar da wat 20 a matsayin zafi, takardarta ta ce kowane wat yana ƙara digiri 1.5 tsakanin ciki da jiki, to cikinta yana kan 110. A ɗakin gwaji kuma akan yi amfani da ƙwayar kanta a matsayin ma'auni, domin ƙarfin wutar da ke ratsa mahaɗin silikon yana raguwa da kimanin kashi 2 cikin dubu na bolt a kowane digiri. Abin da wannan ke nufi ga harshe shi ne, lamba ita kaɗai ba labari ba ce. In yaron shago ya bugo wa ubangidansa waya daga Bunkure ya ce zafin 70 ne, bai faɗi komai ba tukuna. Na iska ne, ko na jikin akwati, ko na mataji, ko na bayan tiransista? Da me aka auna, da ƙarfe nawa na rana? A nan Hausa tana da gata, domin ta saba ba abubuwa gaɓoɓin jiki: tukunya tana da baki da gindi, allura tana da hanci, gida yana da ciki da baya. Kowace uwa ta san goshin yaro na iya yin sanyi alhali zazzaɓi yana ciki. Zafin iska, zafin jiki, zafin ƙwaya: rabe-rabe ne da mai koyo zai kama a zama ɗaya, in an daidaita su an kuma dage a kansu.

Za a ce duk wannan wahala ce ta banza, tunda takardun na'urori da Turanci suke zuwa, harshe kuma ya riga ya ari sola da batir da inbata ba tare da izinin kowace jami'a ba. Gaskiya ne, kuma ban ga dalilin yaƙar waɗannan kalmomi ba. Wanda ya nemi maye gurbin batir yau ya makara da shekaru masu yawa. Amma aro yana kawo sunaye ne, ba ya kawo hujja. Jimlar da ke cewa kada a yarda da lambar da aka samu daga ƙarfe mai sheƙi, da dalilin haka, ba a aro ta. Sai an gina ta da harshen da mai gyara yake tunani da shi. Mafi yawan masu wannan sana'a a hannun ubangida suka koya, da Hausa, kamar yadda ake koyon kowace sana'a a ƙasar nan, kuma abin da bai shiga wannan Hausa ba ba zai isa ga yaron shago ba. Za a kuma ce aikin injiniyoyi ne. Injiniya ya san ƙa'idar, amma ba a horar da shi ya zauna a rumfar mai gyara da rikoda ba, ya tantance abin da ake nufi da ya ɗauki zafi da abin da ake nufi da ya yi zafi, ko ya gane cewa kalmar da ya zaɓa tana da wata ma'ana a bakin Bakano da za ta karkatar da umarninsa.

Tarihin ƙirƙirar kalmomi a fagenmu yana da darasi a kan wannan. Keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi da aka tattara a littafin Hausa Metalanguage na 1990, wanda Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, sun rayu, har yau da su muke koyar da tsarin sauti da ginin jimla da ƙirar kalma. Dalilin rayuwarsu shi ne, waɗanda suka ƙirƙiro su su ne masu amfani da su kullum a aji. Jerin kalmomin kimiyya da aka sha tsarawa a tarurruka ba su samu wannan gata ba, domin an yi su ne a madadin mutanen da ba sa wurin. Abubakar Imam da Rupert East, a jerin littattafan Ikon Allah, sun bi wata hanya dabam: bayani suka sa a gaba, kalma kuma ta fito daga cikin bayanin. Wannan hanya ce ta dace da batunmu. Ƙamusun Bargery na 1934 ma bai cika da kalmomin ƙira da jima da saƙa ba sai don an je wurin masu sana'ar an tambaya.

Wurin zuwa bai yi nisa ba. Kura tana kan hanyar Zariya, tafiyar da ba ta kai awa guda ba daga Jami'ar Bayero. Tashar binciken noman rani ta Jami'ar Ahmadu Bello tana Kadawa. Jami'ar kimiyya da fasaha tana Wudil. Ɗalibin digiri na biyu a sashen Hausa da takwaransa na sashen injiniyan lantarki za su iya yin aikin tare, muddin sun je a watan Maris ko Afrilu, da tsakar rana, lokacin da akwatuna ke tsayawa, masu gyara kuma suna magana a kan aiki. Abin da za su fara rubutawa shi ne abin da ake faɗa yanzu, kafin su kawo nasu. Kalmar da za ta fi ba su wuya ita ce ta wannan siffa da ke bambanta baƙin tef da alminiyam mai sheƙi. Ana iya gwada ƙarfin fitar da zafi, ana iya gina ta a kan sheƙi da dushewa, tunda su ne ido ke gani. Hanyar zaɓe tsakaninsu ita ce a karanta wa mai gyara bayanin, a miƙa masa na'ura da matajin inbatar da ke aiki, a ga ko zai nemi baƙin tef kafin ya danna.